Baba Sitaci da Farin Ƙyallen Teburi

Shagon Baba Sitaci ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin rumfar mai faci da wata mai sayar da katin waya. In ka leƙa ciki, kafin ka gama gaisuwa ka gama ƙirga dukiyarsa: tebur ɗaya da aka tokare ƙafarsa guda da guntun bulo, dutsen guga biyu na gawayi, babba da ƙarami, baho uku, kanta mai hawa huɗu ta jera kayan da aka gama, sai igiyar shanya da ta fita ta taga ta je ta kama falwayar lantarki. Bargo biyu gare shi. Ɗaya yana kan tebur kullum, ya sha wuta har ya koma ruwan ƙasa. Ɗayan yana cikin leda can saman kanta, sau biyu ake sauko da shi a shekara.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Sitaci ya bi shi ne saboda ba ya rowa wajen zuba shi. Mai faci ya sha faɗa wa masu jiran taya cewa in tsohon nan ya goge maka riga, kana iya tsayar da ita a tsakar ɗaki ta jira ka ka yi wanka ka dawo. Matarsa, Uwar Auta, ta ce ranar da ya goge mata zanin gado kwana ta yi kamar a kan kwali. Shi dai dariya yake yi ya ci gaba da hura gawayinsa.

Duk mai guga ya san ranakun da ake cin kasuwa a shekara: jajiberin Kirsimeti da Asabar ɗin da ke gaban Ista. Ranar kowa so yake ya shiga coci da kari kamar bakin wuƙa. Har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar mai guga ba za ka gan su da ƙullin kaya a hammata, ba sa ma tambayar farashi. To, waɗannan ranaku biyun ne Baba Sitaci ba ya karɓar ko hankici daga hannun kowa. Yana buɗe shago, yana kunna wuta, amma aikin da ke kan tebur na coci ne, kuma ba wanda ke biyansa. Shi ne baikonsa, abin da yake kai wa Ubangiji a manyan ranaku.

Abin ya samo asali tun yana sabon ango, yana bin gidaje yana wanki. Wata Ista ya durƙusa a gaban teburin Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ruwan inabi, ya ɗaga ido, sai ya ga farin ƙyallen da aka shimfiɗa a kai ya yamutse kamar an kwana a kansa, ga tsohon tabon ruwan inabi a gefe. Ya ce addu'ar ma ta ƙi yiwuwa, ido na kan ƙyalle, hannu na ƙaiƙayi. Da aka tashi ya sami tsohon faston wancan zamanin, wanda yanzu ya daɗe da rasuwa, ya ce a riƙa ba shi yana wankewa yana gogewa.

"Nawa za ka caje mu?" in ji tsohon.

"Baiko ne, Baba."

"To, in baiko ne, kada ka kawo mana ragowar lokacinka. Ubangiji ba kazar gidanku ba ne da za ka kakkaɓe masa kwano."

Maganar ta zauna masa. Ya duba ranakun shekara kaf, ya zaɓi biyu mafi tsada, ya bayar. Shekarar da aka haifi ɗansu na fari ya bayar, shekarar da suka binne shi ya bayar. Shekarar da ruwa ya ci rabin shagon, tebur ya ara a maƙwabta. Uwar Auta ta yi mita a farkon aure, ta ce ranakun nan biyu kaɗai sun isa su rufe bakin mai haya. Da ta ga mita ba ta sauya komai ba, ta koma ita ke tuna masa ya sayo sabon gawayi.

Aikin yana da tsarinsa. In Ista ce, Alhamis yake karɓo kayan: babban ƙyallen teburi, ƙanana uku na rufe faranti da kofuna, da rigunan mawaƙa goma sha huɗu. Ya jiƙa, ya wanke, ya ɗauraye a ruwa uku, ya ɗiga bula kaɗan yadda farin zai fito ba tare da shuɗin ya nuna ba. Asabar ya sauko da bargon leda. Gawayin sai ya tsince shi ɗaya-ɗaya, don mai tartsatsi ba ya shiga dutsensa ranar. Babban ƙyallen ninki takwas yake masa, kowane kari a kan ɗan'uwansa, yadda in aka baza shi a kan teburi layukan za su fito a miƙe kamar an ja su da rula. A duk labarin tashin Almasihu, wurin da ya fi so shi ne inda aka leƙa kabari aka tarar da ƙyallen a naɗe waje ɗaya. Yakan ce wa mai faci, "Ka ga, mutum ya tashi daga matattu, duniya na jiransa, amma sai da ya tsaya ya ninke kaya. Ɗan sana'armu ne." Mai faci ya ce shi har yanzu yana jiran a nuna masa inda aka yi faci a cikin labarin.

Rawar hannun a hankali ta zo. Cokali ne ya fara tona ta, yana buga bakin kofi da safe ba wanda ya sa shi. Auta, 'yar da ta rage musu, wadda ke aiki a kantin magani, ta ja shi asibiti. Likita ya sa shi ya miƙe hannu, ya taɓa hanci, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sannan ya ce irin wannan ba a raba mutum da ita, lallashinta ake yi da ƙwaya. Ƙwayar ta lallashe ta na ɗan lokaci, daga baya ta daina jin lallashi.

Daga nan kaya suka fara raguwa. Ya ƙona wuyan rigar wani ma'aikacin banki, ya yi wa wani malamin makaranta kari biyu a ƙafar wando ɗaya. Ba wanda ya yi masa faɗa, da ma a ce an yi. Kawai ba su dawo ba. A tsallaken titi kuma aka buɗe shagon wanki na inji mai ƙofar gilashi, inda ake miƙo maka rigarka a rataye cikin leda. Kanta mai hawa huɗu ta koma hawa ɗaya ke ganin kaya, shi ma ba ya cika. Mawaƙa suka aiko cewa daga yanzu kowa zai goge rigarsa a gida, wai don su rage masa wahala. Goma sha huɗu suka fita a rana ɗaya. A Kirsimetin da ya wuce kuma hannun ya tsaya masa a kusurwar babban ƙyallen, na ƙiftawar ido kawai, amma hancin dutse ya bar hotonsa, ja-ja, girman babban yatsa. Ya shimfiɗa ƙyallen da kansa, ya juya tabon ta wajen bango. Shugabar zumuntar mata, wadda makullin ɗakin ajiyar coci ke hannunta, ta gani lokacin da take kwashe kaya.

Alhamis ɗin makon Ista ya sa wankakkiyar rigarsa, ya ninke leda a aljihu, ya tafi coci. Ya tarar da Shugaba a ɗakin ajiya tana goge kofuna.

"Baba Sitaci, sannu da zuwa. Ya jikin? Ya Mama?"

"Da sauƙi, Shugaba. Kayan na zo karɓa."

Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe. "Ka ga Fasto kuwa?"

"Kayan a wurinsa suke?"

"A'a. Ka dai gan shi tukuna, Baba."

Faston yanzu matashi ne, ɗan kirki, mai saurin tashi ya ba babba kujera. Ya tashi ya ba Baba Sitaci kujera, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya sake tambayar jiki. Sannan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Ƙyalle ne fari fat, mai sheƙi, da gicciye na zare ruwan zinariya a tsakiya.

"Wani ɗan ikilisiya ne ya aiko daga inda yake aiki. Duba nan, Baba." Ya dunƙule gefen ƙyallen a hannu, ya matse, ya saki. Ƙyallen ya koma sumul. "Ba ya son guga sam. A wanke, a shanya, a shimfiɗa. In ma aka ɗora masa dutse narkewa zai yi. Dattawa sun zauna sun ce lokaci ya yi da za ka huta. Tun ba a haife ni ba kake wannan aikin."

Baba Sitaci ya taɓa ƙyallen da yatsa biyu. Santsi kamar bayan kifi.

"Na kawo ƙara ne na ce na gaji, Fasto?"

"Ba ka ce ba, Baba."

"To, ran Lahadi me zan kawo?"

"Ka kawo kanka. Allah zuciya yake dubawa."

"Zuciya kowa na da ita, har mai facin da ke kusa da ni, ga shi bai san hanyar coci ba." Ya gyara zama, ya danne hannun dama da na hagu a kan gwiwa. "Fasto, ni ban yi karatu ba, amma na san Allah ba ya bukatar gugata. Wanda ya shimfiɗa sama ba inda ta yamutse, ni zan koya wa aiki? Amma ka duba, in ana hidima a gida, baƙo zaunar da shi ake yi a kawo masa. Ɗan gida shi ke jawo kujeru, shi ke kawo ruwa, ko tsawonsa bai wuce cinya ba sai ya ɗauki wani abu. Ran Kirsimeti an ba mu, ran Ista an ba mu. In na zo sau biyu na miƙa hannu na karɓa ban ajiye komai ba, ta ina zan san ni ɗan gida ne?"

Faston yana da amsoshi, ya karanta su a makaranta, amma ya dubi hannun da ke tsalle a ƙarƙashin ɗan'uwansa ya kasa zaɓar ɗaya. Abin da ya fi sauƙi ya yi. Ya leƙa ƙofa ya kira Shugaba, ya ce ta ba Baba tsohon ƙyallen.

"Ka goge ka kawo, Baba. Ba za a rasa inda za a shimfiɗa shi ba."

Tsohon ya ji an ce za a shimfiɗa, bai tsaya tambayar a ina ba. Ƙananan ukun ba a ba shi ba, don sabon ya zo da nasa. Daga goma sha takwas saura ɗaya, ya sa a ledarsa ya fito.

Gidansu ɗaki biyu ne da ɗan baranda. Auta ta dawo daga aiki ta tarar da ƙyallen a jiƙe cikin baho. Ta ji labari daga bakin uwarta a kicin, ta fito tana goge hannu.

"Baba, mutanen nan fa sallamarka suka yi cikin mutunci. Ka karɓa mana."

"Fasto ya ce a goge a kawo."

"Kunyarka ya ji. To, ba ni in kai tsallake su goge da inji, ba wanda zai sani."

"Wanda za a kai wa fa? Shi ma ba zai sani ba?"

"Ni in goge ke nan."

"Ke ki goge, ya zama baikonki, Allah ya karɓa miki. Ni kuma in bi ki a baya ina tafi."

Auta ta juya ta dubi uwarta. Uwar ta ce, "Ni kike kallo? Tun kafin a haife ki nake faɗa da ƙyallen nan, ban taɓa kayar da shi ba."

Juma'a bayan sujada ya zauna da tabon. Ya matsa masa lemon tsami, ya barbaɗa gishiri, ya baza a rana. Tabon ya ɗan dushe, bai fita ba, don ƙuna ba datti ba ce. Uwar Auta ta ɗauko allura ta ce za ta naɗe kusurwar ta ɗinke. Ya yi tunani, ya ce ɗinki ba guga ba ne, ta yi. Da ta gama ya ce yanzu kusurwa ɗaya ta bambanta da uku, sai da ta naɗe duka huɗun tana tsaki.

Asabar ya buɗe shago, ya sauko da bargon leda, ya tsinci gawayi. Mutum biyu kacal suka zo da kaya, su ma layin tsallake ne ya yi musu tsawo. Ya ce musu yau ba ya karɓa. Mai faci ya leƙo da baƙin hannunsa a jikin ƙofa.

"Tsoho, yaushe rabonka da kwastoma? Yau biyu sun faɗo ka kore su. Ka tabbata ba Wanda kake yi wa aikin ne ya turo su ba?"

"In Shi ne, gwada ni yake. Cire hannunka daga ƙofata, farin kaya gare ni."

Da farko ya rage wuta don tsoron ƙuna. Amma dutse mai ɗumi-ɗumi ba ya kwantar da sitaci, bi ta kai yake ya wuce, ƙyallen ya yi ta kallonsa a yamutse. Ya ƙara gawayi, ya yayyafa ruwa, dutsen ya yi tsuwa. Yanzu kuma hannun ne. In ya tura gaba sai dutsen ya yi rawa ya tattaro ƙyallen ya danne, ya bar sabuwar lanƙwasa da ta fi ta da wuyar fita. Ya jiƙa ya sake. Uwar Auta na zaune a kan kifaffen bokiti tana fifita gawayi, aikin da ya yarda ta yi ke nan.

"Maigida, kawo in riƙe maka ko da mariƙin ne. Ran aurenmu an ce mun zama jiki ɗaya. In na goge, kai ka goge."

"In jiki ɗaya ne, me ya sa ni kaɗai nake rawa?"

Ta yi dariya, ta mai da kai ga fifitarta.

Can ya samo dabara. Ya ce ta ɗauko tsumma ta ɗaure masa wuyan hannun dama a jikin na hagu, don ɗauri ma ba guga ba ne. Haka ya kama dutsen da hannu biyu kamar wanda aka kamo, yana turawa da kafaɗa, yana ɗagawa kafin rawar ta taso. Ya goge taƙi ɗaya ya huta, ya goge taƙi ɗaya ya huta. Aikin da da zubin gawayi ɗaya ke isar masa ya cinye huɗu. Gefen ƙaramin yatsansa ya taɓa dutse ya tashi bororo, ya ci gaba da guga. Da rana ta karkata ya ninke. Kari bakwai sun hau kan juna daidai. Na takwas ya goce da faɗin ƙwayar shinkafa. Ya daɗe yana kallonsa. Ƙarfin sakewa babu, gawayin ma ya ƙare.

"Ba wanda zai gani," in ji Uwar Auta tana kwance masa hannu.

"Ki daina faɗin haka, ke da 'yarki."

Lahadi ya riga kowa shiri. Ya ɗauki ƙyallen a kan tafukansa biyu, bai yarda an sa a jaka ba. Suna shiga ƙofar coci ya hango teburin. An riga an shimfiɗa sabon, gicciyen zinariya na ɗaukar hasken taga, ga furanni dama da hagu. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya har na bayansa suka fara ratse shi.

Shugaba ta taho da sauri, ta karɓa da hannu biyu har da rusunawa. "Kai, Baba, irin wannan kari haka. Allah ya saka da alheri. Da ma muna neman abin rufe wancan teburin."

Wancan teburin yana can baya kusa da ƙofa, na katako ne, inda ake ajiye laima da takardun waƙa. Yau an kwashe su, an jibge wasu ledoji a ƙasa ana jiran shimfiɗa. Mata biyu suka kama bakin ƙyallen suka kaɗa shi sau ɗaya ya baje. Ya fi teburin girma, gefensa ya sauka har ƙasa. Suka ɗora ledojin a kai, goma sha biyu, kowace da shinkafa, kwalbar mai, sukari da sabulu. Yara masu shigowa na gogar gefen da takalmi.

Ya zauna inda ya saba, benci na uku. Aka yi waƙoƙin tashi daga matattu. Fasto ya yi wa'azi a kan bayarwa, wa'azi mai kyau. Ya ce abin da mutum ya ajiye a gaban Ubangiji ran babbar rana shaida ce cewa ya miƙa kansa, kamar yadda Almasihu ya miƙa kai dominsa. Baba Sitaci ya gyaɗa kai, don gaskiya ne. Lokacin baiko jama'a suka riƙa tashi benci-benci suna zuwa gaba da waƙa, wasu da ambulan, wasu da kwali, wani da buhu a kafaɗa, ana ajiyewa a gaban teburin. A shekarun baya shi ma yakan bi layin hannu sake, in ya iso ya ɗan taɓa bakin ƙyallen da ya goge ya wuce, ya kai nasa ke nan. Yau ya bi layin ne don bencin ya tashi da shi. Da ya iso gaba hannun ya ɗaga da kansa, ya tuna, ya mai da shi aljihu.

Bayan addu'a Fasto ya ce bana ikilisiya ta ware wani abu daga baikon Ista don tsofaffi da marasa ƙarfi, kada murnar ta tsaya a gidajen masu hali. Aka fara kiran suna, matasa na ɗauko ledoji daga baya. Aka kira wata da mijinta ya rasu, aka kira tsohon mai gadin da idonsa ya tafi. Baba Sitaci ne na tara, kuma shi kaɗai aka yi wa dogon bayani: bawan Allah ne, ya yi wa teburin Ubangiji hidima ba tare da ya karɓi komai ba, yau ikilisiya ce za ta yi masa. Tafi ya tashi, tafi na gaske, wasu mata har da share hawaye. A duk ɗakin nan ba mutum ɗaya da ya nufe shi da sharri.

"Tashi, Maigida," in ji Uwar Auta a hankali. "Kallonmu ake."

Ya tashi. Ya je gaba ya tsaya a jere da sauran, fuska ga jama'a, baya ga teburi. Aka ɗora masa leda a hannu, nauyinta ya ɗan tsayar da rawar. Wani ya ɗauki hoto da waya.

Da aka tashi ya bi ta bakin ƙofa. Teburin baya ya zama wayam. Wata kwalbar mai ta yi yoyo, ta bar tabo faɗin faranti a tsakiyar ƙyallen, daidai inda kari biyu suka haɗu. Shugaba ta biyo shi tana cewa kada ya damu, za su wanke da kansu, ko kuwa yana so ya tafi da shi, ai nasa ne. Ya ce a bar shi, na coci ne.

Fasto na tsaye a waje yana gaisawa da jama'a. "Barka da Ista, Baba. Ka ga yadda mutane ke ƙaunarka?"

"Na gani, Fasto, na gode. Kirsimeti in muna raye, wane layi zan shiga?"

Faston ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu, na baya ya matso da hannu.

A hanya Uwar Auta ta leƙa ledar. "Sabulu har uku. Mai wanki aka ba sabulu." Ta jira ya yi dariya, bai yi ba. Auta ta karɓi ledar daga hannunsa. Ba ta ce da ma na faɗa maka ba, amma yana jin maganar tana tafiya a gefensa har gida. Shinkafar kuwa an dafa ta, don ta gidan ta ƙare tun tsakiyar mako. Ya ci. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, ya ci har ya ƙara.

Bai zauna haka nan ba, ya nemi wani abin. Wata Asabar ya je ya ɗauki tsintsiya zai share harabar coci, aka ce akwai wadda aka ɗauka aikin, kada ya cire mata abinci a baki. Ya kama kujerar roba zai jera, matasa biyu suka rugo suka karɓe, "Haba Baba, muna nan?" Ya ce a ba shi kofunan Jibi ya riƙa wankewa, Shugaba ta dubi hannunsa ta dubi kofunan, na gilashi ne, ta ce za ta yi shawara. Duk inda ya miƙa hannu sai a sa masa kujera a ƙarƙashinsa. Shagon ma bai daɗe ba Auta ta mayar wa mai shi makulli. Addu'ar safe bai bari ba, sai dai ta gajarce. Uwar Auta ta ce da har da sunayen maƙwabta yake jerowa, yanzu godiya ce ya yi shiru.

Aka zo Fentikos, babbar ranar da ke biye da Ista. Auta ta bar wurinta cikin 'yan mata ta zo ta zauna kusa da shi. Da aka ɗauki waƙar baiko ta zaro sabuwar takardar kuɗi daga jakarta, ta cusa masa a tafi, ta rufe yatsunsa a kai.

"Ga shi, Baba. Na ba ka, ya zama naka. Tashi mu je."

Ya buɗe hannun ya duba. Takardar na kaɗawa kamar ganye.

"Gumin wa?"

"Baba, don Allah."

"Kai abinki, 'yar nan. Allah ya karɓa."

Ya ajiye mata a cinya. Benci na uku ya tashi. Shi bai tashi ba, ya dai karkata gwiwoyinsa gefe don a sami hanya. Suka bi ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce sannu Baba, yana amsawa. Uwar Auta ce ta ƙarshe. Ta tsaya da ambulan ɗinta a hannu, ta dube shi, ta dubi layin da ke ta tafiya. Mai tsara layi ya yafito ta, ta wuce.